Tantin da Ke Lamba Tara

Nadine ta sake zagaya sansanin masu yawon hutu da ke bakin Tafkin Marten, tana tuƙi a hankali, tana leƙa kowane fili. Ko'ina an kama. Yara na guje-guje tsakanin dogayen itatuwa, hayaƙin gashi na tashi ta kowace kusurwa. A nan ba a kama wuri ta waya. Wanda ya riga zuwa shi ke da fili.

Mahaifinta, Arvid, yana zaune a gefenta da sandar kamun kifi a kan cinyarsa. Ciwon mantuwa ya riga ya kwashe masa sunayen jikokinsa, amma bai taɓa masa lamba tara ba, filin da ke daf da ruwa, inda shi da marigayiya matarsa suke kafa tanti duk lokacin zafi. Mako mai zuwa za a kai shi gidan kula da tsofaffi. Nadine ta yi wa kanta alkawarin sai ya kwana a lamba tara kafin nan.

A lamba tara kuwa akwai tanti, an lulluɓe shi da sabon tamfol shuɗi. Babu mota, babu kujera, babu toka a murhu. Busasshen ganye ya taru a kan teburi.

"Ga tantinmu can," in ji Arvid. "Tsaya mana."

"Ba namu ba ne, Baba. Wancan zamani ya wuce."

Ta san wannan dabara sarai. Masu hali kan turo wani a tsakiyar mako ya kafa tanti fanko, ya tafi abinsa, su kuma su iso ranar Asabar a natse su tarar da mafi kyawun fili yana jiransu. Wanda ya roƙi hutu a wurin aiki, ya baro gida tun asuba, sai ya juya. Nadine lauya ce mai kare 'yan haya, kuma ta gaji da ganin doka tana kwana a allo yayin da masu wayo ke wucewa ta gefenta.

Ga kuma haushin ƙaninta Royce, wanda ke zaune a garin da ke gindin dutsen nan. Da ta kira shi kan maganar tafiyar, cewa ya yi, "To, lauya, na ji, ki bari in..." Ba ta bari ya ƙarasa ba ta kashe wayar, domin da irin wannan murya ya yi alkawarin gyara rufin gidan Baba, rufin kuwa har yau yana yoyo. Daga ranar ba ta sake ɗaga kiransa ba.

Ta tarar da Loretta, dattijuwar da ke kula da sansanin, tana shara a gaban rumfarta.

"Tun Laraba tantin ke nan, 'yata," in ji Loretta. "Wani saurayi mai ladabi ya kafa, ya ce iyalinsa na tafe."

"Kowane ɗayansu haka yake cewa, Inna. Allon da ke bayanki ya ce tantin da ya kwana babu kowa ya rasa filinsa. Ko don ado aka rataye shi?"

"Ki ɗan bari zuwa la'asar mana."

"Mahaifina ba shi da wata la'asar da zai ba wa malalata aro."

Masu jiran fili suka fara taruwa. Nadine ta ɗaga murya, ta ambaci sashen dokar, ta ambaci ofishin da za ta kai ƙara. Wani ya tafa mata. Wata mata ta ce dama sun gaji da wannan rainin hankali. Loretta ta jingine tsintsiya, ta kira mijinta, suka nufi lamba tara ba tare da ta sake kallon Nadine ba.

Nadine ta so ta bi su, sai ta ga Arvid yana kokawa da ƙofar mota. Ta koma da sauri, ta kulle, ta riƙe masa hannu. Daga nesa suka ga an yaye tamfol, an zare ƙarafa, koren tanti irin wanda ke kowane gida ya faɗi ƙasa.

"Suna rushe mana tanti," in ji Arvid.

"Yanzu za mu kafa namu, Baba. Ka yi haƙuri."

Ta tayar da mota. Amma hannun da Loretta ta ɗaga ba ita yake kira ba. Wata ƙatuwar mota mai ɗaki da kicin a ciki ta wuce ta gabanta, ta shige lamba tara, ta tare tafkin ɗungurungum.

"Ni na yi maganar!" in ji Nadine.

"Mai motar nan ya riga ki shiga layi, 'yata," in ji Loretta. "Ke kika ce a bi doka."

Nadine ta sa giyar baya. Ta juya motar zuwa ƙofar fita, ta tsaya a gefen hanya, ta kifa goshi a kan sitiyari. Arvid yana ta shafa sandarsa.

Wata tsohuwar a-kori-kura ta hawo, maƙare da itacen wuta, kujerar mahaifiyar Nadine mai naɗewa ɗaure a sama. Royce ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Lauya, me kuke yi a bakin hanya? Ba ku ga tantin Mama da na kafa muku a lamba tara ba?"