Da Sallama Suka Zo

Wata Juma'a bayan la'asar, kawuna ya kunna mana fim a rumfar gidanmu na Gaya, a kan wani rikicin ƙabilanci na shekarun baya. Kakata tana gefe tana ɓarar gyaɗa. A irin wannan rikici aka kashe mijinta, a wani gari mai nisa inda suka yi zaman kasuwanci, amma ba ta taɓa ba mu labarin ba.

A fim ɗin maharan suka zo da ihu, suka ɓalle ƙofa. Sai hannunta ya tsaya.

Kawu ya ce, "Inna, ko in canza?"

Ta ce, "Bar shi. Amma ba haka suke zuwa ba. Sallama suka yi, suka kira sunansa. Maƙwabta ne. Na riƙe masa riga, ya ce, 'Haba, a yi mini sallama in ƙi fita?'"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Na kalli irin waɗannan finafinai da yawa tun daga nan. Har yau ban ga wanda ya nuna mutum yana laluben takalminsa, yana sauri kada ya bar maƙwabta a tsaye ba.