Sabon Kube, Tsohuwar Wuƙa

An yi wani ɗan kasuwa da Allah ya jarabce shi da son tara tsofaffin wuƙaƙe. Dillalai sun sha sayar masa da ƙirar jiya da sunan ta kaka da kakanni, har ya gaji ya sayi wani littafi mai hotunan wuƙaƙe da tarihinsu, ya mai da shi alƙalinsa. Tun daga nan kowa ya zama macuci a idonsa. Rannan sai ga aminin marigayi mahaifinsa, tsoho tukuf, ya taso daga ƙauye ya kawo amanar da aka bar masa: wuƙar damtse da uban ya yi farauta da ita. Mutumin ya karɓa yana murmushin da bai kai ciki ba. Kuben sabo fil, jar fata har tana warin jima, ƙotar ma ko duhu ba ta yi ba. Ya buɗe littafi, duk wuƙaƙen ciki kubensu ya koɗe, ƙotarsu ta yi baƙi ƙirin. Zuciya ta ce masa, ai tsohon nan ya sayar da ta gaske, ya zo maka da ta kasuwa. Ko ruwa bai sa an kawo wa baƙon ba. Washegari, don tsabar haushi, ya miƙa wa maƙerin unguwa ita, ya ce a buga masa lauje na yankar wa awaki ciyawa.

Da ya je kai wa goggonsa ƙara, salati ta saka. Ta ce a gabanta tsohon ya ba baduku ɗinkin kuben, ya sa aka gyara ƙotar, don abin kunya ne a mayar da amana cikin tsumma. Ta ce uban ma ya sha sake wa wuƙar kube kamar yadda mutum ke sake riga. Wuƙaƙen littafi kuwa na gidan tarihi ne, sun daɗe da daina aiki, wa zai sake musu kube? Mutumin ya zabura ko takalmi babu, ya nufi maƙera. Ya tarar da laujensa a rataye, har ya huce. Baƙin ciki ya cika shi, ga shi ba wanda zai kama da laifi. Tsohon kuma bai sake taka ƙofar gidansa ba har ya koma ga Allah. Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman gira a rasa ido.