Makullin da Kaka Ya Bari

Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba, ta dangwarar da ɗan makullin a gaban tsohuwar gidan.

Kwana biyu ta yi a mota kafin ta iso gidan da kakanta ya mutu yana ambato. Shekara uku tana rubuta tarihin danginsu, kuma labarin bai taɓa sauyawa ba: 'yan uwa ne suka haɗe masa kai suka kore shi, ya fita daga shi sai rigar jikinsa da makullin ɗakinsa.

"Na zo in ga ɗakin da kuka ƙwace masa," ta ce. "Shekara sittin, Iya, ko cigiyarsa ba ku yi ba! Ba ku ji kunya ba?"

Tsohuwar ta daɗe tana juya makullin a tafin hannunta. Sannan ta dogara sanda, ta ja ta har ƙofar wani ɗaki a ƙuryar gida. Ƙyauren ya tsufa, an ɗaure shi da waya inda gatari ya taɓa sara.

"Abin da ya gaya muku ke nan? Ni matarsa ce, 'yar nan. Ranar da zai tafi, ta waje ya kulle ni da jaririyata don kada in bi shi. Sai da maƙwabta suka fasa ƙofar."

Ta nuna littafin rubutun da ke hannun baƙuwar da bakin sanda.

"Rubuta wannan ma."