Simintin Rijiya ta Tara

Kwalabe uku Dokta Shafa'atu ta jera a gaban kwamitin, kowacce cike da ruwa mai launin kunun tsamiya. Daga rijiyar wasu makiyayan raƙuma ta ɗebo shi, can gabashin Saudiyya, inda wani kamfani ke fasa dutsen ƙarƙashin ƙasa yana tatso iskar gas.

Wata shida ke nan ana tafka muhawara a wannan zaure na unguwar Al-Murabba da ke Riyadh. Mutanen kamfani sun ce dutsen da suke fasawa yana ƙasa da ruwan sha da kilomita uku, ko aljani ba zai haɗa su ba. Masu kare muhalli sun ce zancen banza, a rufe rijiyoyin duka. Kowa ya ja daga. Shi ya sa aka kira ta, don shekara ashirin tana auna ruwa a Riyadh, kuma an shaide ta ba ta san rufa-rufa ba.

Injiniyoyin kamfanin na zaune a jere. Na ƙarshensu, wani ɗan Najeriya dogo, ya rame, wuyan rigarsa a karkace. Da safe ya rusuna ya gaishe ta a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango kamar yadda ta saba. Abokan aikinta sun daɗe da yanke hukuncin cewa jininsu bai haɗu ba, tunda ko zancensa ya taso, "wancan" kawai take cewa.

Ta yi bayani a tsanake, ba ta bar wa kowa abin murna ba. Fasa dutsen bai kai ga ruwan ba, a nan kamfani ya yi gaskiya. Amma bututun da ke sauka can ƙasa sai ya ratsa ta cikin ruwan sha, kuma siminti ne kaɗai ke raba su. A rijiya ta tara simintin ya tsage. Gas da ruwan sinadaran fasa dutsen suka bi tsagar. Raƙuma goma sha ɗaya sun mutu, 'yar wani makiyayi tana asibiti ana wanke mata ƙoda. Takarda kuwa ta nuna an gwada simintin, a ranar da na'urar gwajin take wurin gyara.

Mako uku ke nan da ta ga sa hannun da ke kan takardar ta gane shi, rubutun bahago mai kwantawa baya. Tun ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Sau biyu ta zare shafin daga rahoton, sau biyu ta mayar, don fuskar yarinyar nan ta ƙi barin idonta. Kuma ta san abin da zai biyo baya: a ƙwace lasisi, a soke iƙama, wato izinin zama a ƙasar, in an yi rashin sa'a a wuce da mutum gidan yari.

Shugaban kwamitin ya gyara tabarau. "Ya Doktora, wa ya sa hannu?"

Ta tura masa takardar. Ya turo mata abarta, ya ce doka ta ce shaida da bakinsa yake faɗa.

Matar da ta yi awa guda tana magana ba gargada, sai ga ta ta ƙura wa takardar ido. Lauyan kamfani ya yi murmushi, a zatonsa tsoro ne ya kama ta. Ba tsoro ba ne. Zuciyarta ce ke tsagewa, hawaye na sauka kan rahoton.

"Zainulabideen," ta ce.

Injiniyan ƙarshen jeren ya ɗago kai, idonsa ya cika da ƙwalla. Shekara talatin da ɗaya da ta haife shi, yau ya fara jin sunansa a bakinta, don a garinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari.