Matar da Ta Tare Katafila a Hanyar Guri

Katafila ta tsaya cik, bakinta gab da tabarmar da wata mata ke zaune a kai. Matar ko ɗago kai ba ta yi ba. Yatsunta na kan waya, tana ja tana ajiyewa.

Haruna ɗan kwangila ya diro daga mota yana huci. Tun da safe ya kwaso ma'aikata da tifofin ƙasa daga Haɗeja zuwa wannan fadama ta hanyar Guri. Aikin da aka ba shi shi ne ya cike tabkin, ya baje wurin, kamfani ya kafa masana'antar casar shinkafa. Sai ga mace ta shimfiɗa tabarma a kan hanya ɗaya tilo da ke gangarawa bakin ruwa, dama taɓo, hagu taɓo.

Ya tambayi Malam Adamu, wani dattijon masunci da ke ɗinkin koma a gefe, ko 'yar garin ce. Dattijon ya ce baƙuwa ce. Tun farkon mako ta zo sanye da takalmin aiki, ta bi turakan awon filin masu jan fenti ɗaya bayan ɗaya, kamar ta san inda aka kafa kowanne. Daga nan ta roƙe shi ya shiga da ita cikin kwale-kwale. Ta ga agwagin kirinjijiya sun rufe ruwa, ta ga zalɓe na tsaye cikin ciyawar kacala, ta ga mata na cirar bado, shanu kuma na gangarowa sha. Tun daga ranar, kullum tana nan.

Haruna ya je ya tsaya a kanta, ya leƙa wayar. Wasa take yi. A cikinsa ta sassare daji, ta jera injuna, ta shimfiɗa bututu, hayaƙi na tashi ta ko'ina, kaya na gudu daga wannan inji zuwa wancan ba tangarɗa. Ya yi dariya, ya ɗaga murya don ma'aikatansa su ji, ya ce ga mai kishin tsuntsaye nan tana gina masana'anta a waya, amma ta hana wasu ginawa a ƙasa.

Ta ce masa ƙwarai tana son wasan, tun tana makaranta take yinsa, takan wuni a kai ba ta gaji ba.

"Amma Malam, a nan ciki in na cike tabki, na ga ban so ba, sai in danna in dawo da shi. Kai me za ka danna?"

Ta nuna masa wata jigawa can sama da fadamar, ta ce ginin zai zauna a can daram, tsawon hanya ne kawai zai ƙaru. Ta ce ta gaya wa kamfanin haka, aka amsa mata cewa an riga an rufe magana. Haruna ya ce shi zane yake bi, ba surutun mutane ba. Ta ce zanen a ofis aka yi shi, daga hoton sama, kuma a hoton tabkin nan ɗan shuɗin ɗigo ne. Ya ce to, yanzu kowa ya zama masani.

Ya yi wa direba nuni. Katafila ta yi gurnani, ta matso har ƙarfen ya naɗe gefen tabarma. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Matar ta gyara mayafinta, ta ci gaba da jera injunanta. Direba ya kashe inji, ya ce shi ba a ɗauke shi aiki don ya taka mutum ba.

Haruna ya yi mata barazanar 'yan sanda. Ta ce ya kira su, ta san abin da zaman nan zai ja mata tun kafin ta shimfiɗa tabarma. Ta buɗe baki za ta ƙara, ya katse ta, ya ce ba ruwansa da ko ita wace ce.

Ya kira manajan kamfanin, bai ɗauka ba. Ya kira sakatare, ya ce wata mata ta tare hanya, yana son a nuna masa ta inda zai kewaya. Sakatare ya turo masa wata lamba, ya rubuta "Injiniya" a kanta.

"Bari in kira mai zanen da kansa," in ji Haruna. "Shi zai koya miki hankali."

Ya danna, ya kara a kunne, yana kallon tifofinsa da suka yi layi cikin rana.

A kan tabarma, masana'antar wasan ta ɓace daga fuskar wayar, kira ya shigo. Matar ta ɗauka, tana kallonsa ido cikin ido.

"Injiniya Nuriyya ce. Ni na zana shi, kuma na ce ba a nan ba."