Rabin Sa'a

Mai duban taurari ya yanke hukunci: taurarin Shani da Mangal sun haɗu a gidan dukiya da iyali na taswirar haihuwar Shridhar, duk wadda ya aura tsiya za ta bi ta har gidan ubanta. Uban budurwarsa Hemlata kuwa maƙerin zinariya ne, gara 'yarsa ta tsufa a ɗaki da ma'auninsa ya yi tsatsa.

Ta tare Shridhar a matakalar kogi, ta cafke rigarsa.

"Ƙara rabin sa'a a lokacin haihuwarka, taurarin su koma wani gidan! Kai mai taurin kai, wa ya duba agogo ranar?"

Ya mai da idonsa kan ruwa.

"Babana. A daidai lokacin da aka haife ni innata ta cika, Hema. Lokacin nan kaɗai ta bar mini."

A hankali ta saki rigar.