Faifai a Shagon Mai Turi

Tambarin ya fara hangowa tun daga bakin ƙofa: jan zakara a kan farar takardar faifai, wanda shi da kansa ya zana wa kamfaninsa na fim shekara talatin da suka wuce. Darakta bai yi sallama ba. Ya bankaɗe labulen ya faɗa shagon kamar an jefo shi.

Ɗan ƙaramin shago ne, a matse tsakanin mai gyaran agogo da tela. Wayoyin caji sun cika bango, fanka na juyawa da ƙyar, a kan tebur kuma wata tsohuwar kwamfuta na gurnani tana karanta faifai. Gefenta ga sabuwar kwamfutar hannu, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba, an jona ta da waya. Wani koren layi yana rarrafe a allon, ya kusa rabi.

Mai turi, wato mai tura wa mutane fina-finai a waya, magidanci mai furfura a gemu, ya miƙe da fara'a. "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Me za a tura?"

Darakta ya ɗauki takardar faifan daga kan tebur. Zufar hannu da daɗewa sun cinye sunan fim ɗin, tabaraunsa kuma ya baro a gida, amma zakaran nan ko a mafarki ba zai ɓace masa ba.

Irin waɗannan shagunan ne suka kassara shi. Yana fitar da fim yau, gobe ya gan shi a wayar kowane mai shayi. Ma'aikatansa suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ofishin ya koma ɗakin ajiya, ɗakin ajiyar ya yi yoyo wata damina, ruwa ya lalata kaset ɗin asali gaba ɗaya, tun daga na farko har na ƙarshe. Yanzu mutane kan gaishe shi a hanya da tausayi, abin da ya fi tsana ke nan. Tun da uwar 'ya'yansa ta rasu kuma, babu sauran mai iya riƙe shi idan zuciya ta ɗebe shi.

"Wa ya ba ka izinin taɓa kayana?"

"Naka ne? Ai wata ce ta kawo, ta ce..."

"Kullum wata ce ta kawo. Ɓarayin zaune. Mu mu sha rana, ku ku sha fanka."

Mai turi ya haɗiye maganar, ya sassauta murya. "Ka yi haƙuri ka saurare ni. Ba na sayarwa ba ne. Faifan nan duk ya karce, kwana biyu ina goge shi ina lallaɓawa, sai yau kwamfuta ta yarda ta karanta. Ka bari ya ƙarasa, sai mu yi magana."

Kalmar "ya ƙarasa" ce ta ƙarasa shi. Wato a gabansa ma za a gama satar, yana tsaye yana kallo. Ya sunkuya ya fizge wayar wuta daga bango. Allon ya mutu, koren layin ya tafi da abin da ya tara. Ya zura farce ya ɓalle bakin kwamfutar, ya zaro faifan da ɗuminsa.

Mai turi ya kama masa hannun riga. "Don girman Allah kada ka yi. Ba ni da wani."

Darakta ya yi dariyar mugunta. Ya lanƙwasa faifan a tafin hannunsa har ya ce ƙas, ya haɗa ɓarin biyu ya sake karyawa, ya watsar a ƙasa ya bi da dunduniyar takalmi. Tela da mai agogo suna leƙe daga ƙofa. Ya yi wa mai turi tatas, ya ce idan ya ƙara ganin zakaran nan a shagon, kwamfutar ce za ta bi bayan faifan. Mutumin ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a takardarsu.

A hanya Darakta ya ji ƙirjinsa wasai, rabon da ya ji haka an daɗe. Sai da ya tura ƙofar gida ya lura jini na ɗiga daga tafinsa.

Autarsa ta zo daga gidan mijinta, tana falo tana ninke masa wanki. Tana ganin hannun ta zaunar da shi, ta ɗauko auduga da ruwan ɗumi.

"Da wa kuma aka yi yau, Baba?"

"Wani ɓarawo na koya wa hankali."

Ta girgiza kai tana murmushi, tana naɗa masa bandeji. "To ka huce, yau ba ranar fushi ba ce. Na so in ɓoye sai an gama, amma bakina ya ƙi. Shekara uku ina nema, sai a wajen wani tsoho da ya taɓa riƙe gidan kallo na samu, ya ce shi kaɗai ya rage. Na saya maka kwamfutar hannu, don ka riƙa kallo daga kan gado."

Darakta ya daina jin zafin hannun.

"Na kai wa mai turin nan da ke kusa da mai agogo, ya ce da la'asar zai gama," in ji ta, tana ɗaure bakin bandejin. "Fim ɗinka na farko ne, Baba, wanda Umma ta fito a ciki."